Zuwa ga Babana, kan maganar da muka yi a waya daren jiya

Assalamu alaikum Babana,

Ya karatu, ya gajiya? Mu nan duk lafiya lau, Ummanka na gaishe ka, ƙannenka ma haka.

Tun da muka ajiye waya jiya ban samu wani barcin kirki ba, ba wai ka faɗi mugun abu bane, muryarka ce kawai ba ta yi min ba. Ka san ni a waya ban iya sauraro ba, kana fara magana sai in katse ka in hau faɗa, Ummanka ma sai da ta ce min haba Malam ko gama maganar ba ka bar yaron ya yi ba, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta, ka karanta a nitse in ka samu sarari, in ya yi maka tsawo ka raba shi biyu.

Abin da na tsinta a maganarka, malamin jita ya maida ka baya, sati shida kenan kana ta kaɗa tsirkiya ziryan ba ka danna komai, ga ajin horon kunne ka ce kai ne kusan na ƙarshe a tes ɗin da aka yi, ga wata yarinya a ajinku da ake miƙa mata takarda ta kalla kawai ta rera kamar tana karanta jarida. Sai ka rufe da cewa ko dai ka canza kwas tun da wuri. Toh. Kwas dai naka ne, ba ni zan zauna a ajin ba, kuma ka san ni ne na tsaya maka lokacin da ake ta surutun wai kiɗa ba karatu bane, don haka ba zan ce dole ba. Amma kafin ka cika wata takarda bari in baka wani labari da ban taɓa baka ba, don kunyarsa nake ji har yau.

Shekara biyu na farko da na yi a badujala ina busa ƙaho, ban iya karanta rubutun kiɗa ba. Ko kaɗan. Takarda na gabana, ina kallonta, har ina juya shafi lokacin da kowa ya juya, amma duk wasan kwaikwayo ne. Wanda ke zaune a damana nake saurara, in ya busa sau ɗaya na ɗauke, kashegari har na fi shi zaƙi, mutane na ta yabona ni kuma kaina na ta ƙara girma. Ramin ƙarya ƙurarre ne, wata safiya aka raba sabon kiɗa, mutumin nawa bai zo ba yana kwance ba lafiya, shugabanmu ya ɗaga sanda ya nuna ni ya ce fara. Babana wallahi har yau in na tuna shirun da ɗakin nan ya yi sai in ji zufa. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi min sauƙi, cewa kawai ya yi in same shi bayan an tashi. Wata takwas yana zaunar da ni kamar ɗan firamare, layuka biyar da tsakaninsu huɗu, wannan baƙin ɗigo bugu ɗaya, wannan farin mai sanda bugu biyu, ina ɗan shekara 24 da gemuna. Ranar da na fara ɗaukar takardar da ban taɓa ji an busa ba, na kalle ta na ji kiɗan a cikin kaina tun kafin in kai ƙaho baki, ranar na san shekara biyu na yi ina cutar kaina.

Kaga kai ka fi ni sa'a, a shekarar farko aka kama ka, kuma a wurin da aikinsu kenan su koya maka.

Yarinyar nan da ke baka tsoro, je ka tambaye ta shekararta nawa ta fara, zan yi mamaki in ta wuce shida ko bakwai. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, ba wata baiwa aka hana ka ba, lokaci ne kawai ta riga ka zubawa. Kuma shi rubutun nan da kake gani kamar an ƙirƙiro shi don a wahalar da kai, asalinsa don sauƙi aka yi shi. Wani malamin mawaƙan coci ne a Italiya, Guido na garin Arezzo, wajen shekarar 1025, ya gaji da yadda yara ke kwashe shekara 10 suna haddace waƙoƙi baki da baki kuma duk da haka ba su gama ba, sai ya tsara layuka, nasa huɗu ne, ya ba kowane amo mazauninsa, ya kuma sa musu suna ut re mi fa sol la, daga baya ne ut ta koma do aka ƙara ta bakwai. Har ya yi alfahari cewa da hanyarsa shekara ɗaya ko biyu ta isa a fitar da mawaƙi. Wato mutum ne irinmu mai aiki da kunne ya nemi hanyar da abin da kunne ya ji ba zai ɓace ba. Takarda ajiya ce kawai, kiɗan yana kunne.

Shi yasa maganar ajin horon kunne ta fi komai tsaya min a rai, don na san kunnenka. Kana ɗan shekara tara ka ji kiɗa a rediyo sau biyu ka je ka fitar da shi a jitar nan mai tsirkiya huɗu da ta rage, ni na gani da idona ba labari aka bani ba. Mai irin wannan kunnen ba zai faɗi tes don ba ya ji ba, ya faɗi ne don bai san sunan abin da yake ji ba. Kamar mutumin da ya san fuskar kowa a unguwa amma aka ce ya rubuta sunayensu. Kai kunnenka kai tsaye yake aika saƙo zuwa yatsu, bai taɓa bi ta kan biro ba, toh yanzu sabuwar hanya ake so a fasa, kuma fasa hanya sai a hankali. Ka ma tuna da wane harshe ka tashi. Kai da tun kana goye kake bambance kuka na hawaye da kuka ta itace, kake bambance wuya na jiki da wuya ta wahala, ba da komai ba sai hawa da saukar murya, wa zai ce maka ba ka jin amo ya hau ko ya sauka?

Ga yadda ni aka koya min, ka gwada ka gani. Duk abin da za ka kaɗa ka fara rera shi da baki da sunayen do re mi, ko muryar ba daɗi, ba gasar waƙa ake ba. In malami ya buga abu a fiyano ya ce ku rubuta, kar ka yi rawar jiki ka hau rubutu tun bugun farko, bugun farko saurara kawai ka nemo gida, wato do, yawanci inda kiɗan ya sauka ya huta nan ne gidan. Na biyu ka kama karin, ka ɗiga bugun a saman layi ba ruwanka da amo tukuna. Sai a na uku ka fara ɗora amo, kuma in wani wuri ya kuɓuce maka ka bar gurbinsa ka wuce, yawancin masu faɗuwa a wuri ɗaya suke maƙalewa har sauran ya wuce su. Kowace tazara tsakanin amo biyu ka rataya ta a farkon wata waƙa da ka sani tun kana yaro, in ka ji tazarar waƙar za ta faɗo maka. Kuma minti 15 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi nesa ba kusa ba. Ka nemi aboki ɗaya, shi ya buga kai ka rubuta, ku juya. In da hali ma yarinyar nan ka roƙa, matambayi ba ya ɓata, kuma ina tabbatar maka in aka ɗauke mata takarda aka ce ta bi kiɗan da ba ta taɓa ji ba, akwai yiwuwar ita ma ta kalle ka yadda kake kallonta yanzu.

Wani abu kuma da zai kwantar maka da hankali game da fiyanon nan da ka ce ka tsana. Dole ne, duk ɗalibin kiɗa sai ya taɓa shi ko me yake kaɗawa, saboda shi kaɗai ne ke shimfiɗa maka komai a fili, maɓallai 88, farare 52 baƙaƙe 36, kana ganin kod, wato amon da ake haɗawa a buga tare, da idonka. Amma kar ka ɗauka shi ne alƙalin gaskiya. Amon la da ake saita kaya da shi yana karkarwa sau 440 a daƙiƙa, kuma wannan ba daga sama ya faɗo ba, zama aka yi a Landan a 1939 aka amince a kai. In ka ninka shi biyu, 880, ka samu la ta sama. In ka ɗauki ɗaya da rabi, 660, ka samu mi, tazara ta biyar mai tsabta wadda kunne ke so. Toh mi ɗin fiyano ba 660 bace, 659 ce da ɗan ɗoriya, an ɗan rage mata da gangan, saboda in ka jera tsarkakan tazarar biyar guda 12 ba za su dawo daidai inda suka tashi ba, sai su ɗan zarce, shi ne aka raba ɗan kuskuren aka watsa wa kowa kaɗan kaɗan don a iya kiɗa daga kowane maɓalli. Sulhu ne aka yi. Don haka in ka ji mai goge ko mawaƙi ya sauka a wani amo da ke tsakanin maɓallai biyu kuma ya yi maka daɗi, ba kunnenka ne ya lalace ba. Ka koyi ma'aunin makaranta tsaf, amma kar ka bari ya goge maka wancan jin.

Haka ma jan biron da ka ce malamin jituwar muryoyi ya cika maka takarda da shi, wai ka jera tazarar biyar a jere. Na yi dariya da ka ce ai a jita kullum haka kake yi kuma daɗi yake. Gaskiyarka, daɗi yake. Dokar ta wani salo ce, inda ake son muryoyi huɗu kowace ta yi tafiyarta a ji ta daban, in biyu suka riƙe tazarar biyar suka tafi tare sai su narke su zama kamar ɗaya, an yi asarar murya kenan. Ba haramun bane, nahawun wani yare ne, kuma in kana koyon yaren mutane ba ka gardama da nahawunsu, ka iya shi tukuna. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza.

Yanzu malamin jita. Na san abin da ciwo, kai da ake kira biki biki, yau an ce ka ɗora ƙafar hagu a ɗan matashi, ka maida babban yatsa bayan wuyan jita, ka ajiye abin kaɗawa ka tara farce, ka yi ta ɗan ali da na tsakiya a tsirkiya ɗaya kamar wanda bai taɓa ganin jita ba. Amma ka tsaya ka yi tunani, malamin da bai ga komai a wurinka ba ba zai ɓata sati shida a kan hannunka ba, barinka zai yi ka yi ta ruɗunka ya baka maki ka wuce. Hannun da ka zo da shi ya kai ka inda ya kai ka, shi ya hango inda zai tsaya, don ya ga irinsa da yawa. Akwai wani atisaye na Giuliani, wani gwanin jita ɗan Italiya, ya fito a 1812, guda 120 ne na hannun dama zalla, kuma duk a kan kod biyu kacal ake yinsu, fiye da shekara 200 kenan ana ba ɗalibai shi, in bai baka ba tukuna yana nan tafe, ka shirya. Kuma kai da ka san Ɗan Maraya Jos, tsirkiya nawa ce a kuntiginsa? Ɗaya tak. Da ita ya zaga duniya. Kar ka raina abin da ake iya fitarwa daga tsirkiya ɗaya in hannu ya san ta.

Sai dai abu ɗaya, in ba ka gane dalilin abin da ya sa ka ba, ka tambaye shi cikin ladabi, Malam wannan me yake gyarawa? Malamin kirki yana son wannan tambayar. Abin da ba na so shi ne ka ce to a gabansa ka koma ɗaki ka ci gaba da tsohon hannunka, wannan kai da shi duk kun yi asarar sati, kuma zai gane, daga amo ɗaya zai gane.

Maganar awa shida da ka ce kana yi a ɗakin atisaye, ban ji daɗinta ba sam, kuma na san ka faɗa ne don in yaba. Na san inda kuka samo lissafin nan na awa 10,000, wani bincike ne da Ericsson da abokan aikinsa suka fitar a 1993 kan ɗalibai masu goge a wata makarantar kiɗa a Balin, suka ga waɗanda suka fi ƙwarewa sun tara kusan haka kafin su kai shekara 20. Amma yi lissafi mana, awa uku kullum sai ka yi sama da shekara tara kafin ka cika, ba abin da ake haɗiyewa a semesta ɗaya bane. Kuma abin da suka ƙirga ba zaman kaɗa abin da ka riga ka iya bane, aikin gyaran abin da ba ka iya ba ne, da hankali a wurin, wanda shi kai ba ya iya ɗaukarsa da yawa a rana. Mu a da in na ji yaro ya busa kiɗa daga farko har ƙarshe sau goma yana tuntuɓe a wuri ɗaya duk sau goman, nakan ce masa yau ka koyi tuntuɓe da kyau. Ka ware gaɓa biyun da ke kayar da kai, ka sa mitironom, na'urar nan mai ƙirga bugu, a 60, bugu ɗaya a daƙiƙa, ko ƙasa da haka ma, ka yi su a hankali har su gundure ka, sau biyar a jere ba kuskure sannan ka ƙara gudu kaɗan. In ka yi kuskure ka koma ɗaya. Minti 25 ko 30 ka tashi ka miƙe ka sassauta kafaɗa. Ka riƙa ɗaukar kanka a waya kana saurara, ba daɗi, na sani, waya ba ta da kara, amma ita ce za ta faɗa maka abin da abokai ba za su faɗa ba.

Kuma dan Allah, wannan ciwon da ka ambata a wuyan hannu ka wuce shi da sauri kamar ba komai, na ji shi fa. Gajiya daban, ciwo daban. In ka ji zafi mai suka, ko yatsu na dindiris, ko suna ƙin bin umarni, ajiye jitar nan take ka gaya wa malaminka, in ya kwana biyu bai tafi ba ka je asibitin makaranta. Ba ragwanta bace. Schumann, wani makaɗi Bajamushe, so yake ya zama gwanin fiyano, ya matsa wa hannunsa har yatsan dama ya lalace tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, dole ya koma tsara kiɗa. Leon Fleisher, wani gwanin fiyano a Amurka, yana kan ganiyarsa a 1964, yana ɗan shekara 36, yatsu biyu na hannun damansa suka fara naɗewa da kansu, kusan shekara 30 ya yi yana kiɗa da hagu kaɗai yana koyarwa kafin ya samu ya dawo da hannu biyu. Waɗannan manya ne, gani ga wane ya ishi wane.

Amma wanda na fi jin tsoro shi ne kunne, don shi na ɗanɗana da kaina. Ka sha tambayata me yasa nake juyo maka da dama in kana magana. Shekara 19 na yi a gaban masu ganga da masu faranti, ba wanda ya taɓa ce mana mu toshe kunne, in ka toshe ma dariya za a yi maka. Da farko in an tashi sai in ji wani siririn ƙara wiii, da safe ya tafi, sai wata rana bai tafi ba, yau shekara 14 kenan yana nan, da shi nake kwana da shi nake tashi, yanzu haka da nake rubutun nan yana yi. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kamar gashi, su ke karɓar sauti, in ƙara ta kashe su ba sa sake tsirowa, ba allura ba ƙwaya. Masana sun ce ƙara mai ƙarfin desibel 85, ma'aunin ƙarfin sauti kenan, awa 8 ne iyakarta a rana, kuma duk ƙarin 3 sai lokacin ya rabu biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, in ta kai 100 minti 15 ne kacal. Rihazal da ganguna da amfilifaya a ƙaramin ɗaki yana iya kaiwa can cikin sauƙi, sannan ka fito ka cusa iyafis ka ƙure ƙara har ka yi barci da shi. Ka nemi abin toshe kunne irin na makaɗa, wanda ke rage ƙarfi ba tare da ya dusashe kiɗan ba, ka sa shi a jakar jita ya zauna can. Kar ka tsaya saitin sifika. In ka fito daga wuri ka ji kunnenka na ƙara ko ya yi dum, ya gaya maka an zalunce shi, ka ba shi shiru har gobe. Yatsa in ya samu matsala akwai dabara, Fleisher ma ya yi da hagu, amma kunnen nan da ya kai ka jami'a guda biyu ne ba na uku.

Jarabawar ƙarshen semesta da za ka yi kiɗa a gaban malamai, kar ka bar ta ta zame maka dodo. Ba a fafe gora ranar tafiya, sati uku kafin ranar ka fara tara mutum biyu uku ka kaɗa musu daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ko masu gadi ne, don jiki ya saba da idon mutane. Hannu zai yi rawa, nawa ma yana yi har na bar aiki. In ka yi kuskure ka wuce abinka kar ka yamutsa fuska, sau da yawa fuskar ce ke tona asiri ba amon ba.

Su masu kiranka wasa da dare kuwa, ban hana ba, a nan ake koyon abin da aji ba ya koyarwa, yadda za ka bi mawaƙin da ya tsallake gaɓa, yadda za ka yi shiru in ba wurinka bane. Amma ba daren da kake da lakca da sassafe ba, kuma ku yi magana a kan haƙƙinka tun kafin ka ɗauki jita, ba bayan an watse ba, na sha wannan har na gaji. In ka ga wurin da sai an sha wani abu wai kafin kiɗa ya zo, tattara kayanka. Na binne abokai biyu da suka fi ni iya busa nesa, ba zan ƙara komai a kai ba.

Sannan kar ka daina kaɗa abinka. Na ji ka ce tun da ka je ba ka ƙirƙiri ko ɗaya ba, wai yanzu duk abin da ka fara sai ka ji muryar malami na cewa kuskure. Wannan yana faruwa, kuma yana wucewa, amma ka taimaka masa, ka ware ko rabin awa bayan ka gama aikin makaranta ka kaɗa abin da ranka ke so yadda ranka ke so, har da tazarar biyar ɗin a jere in ka ga dama. Fela a 1958 ya tafi Landan ya shiga kwalejin kiɗa ta Trinity, ƙaho ya karanta irin nawa, ya zauna ya koyi dokokinsu, kuma abin da ya fito da shi daga baya ba wanda zai ce na Turawa ne. Casals kuma, gwanin babban goge ɗan Sifen, yana ɗan shekara 13 ya tsinci wasu kiɗe-kiɗen Bach guda shida na babban goge a wani shagon tsofaffin takardu a Basalona, ya yi sama da shekara 10 yana bitar su a ɗaki kafin ya yarda ya kaɗa su a gaban jama'a. Kai sati shida ne fa Babana.

Abin da nake roƙo, ka bari shekarar nan ta cika. In ka gama semesta ta biyu ka yi abin da na ce, ka zo ka ce min Baba har yanzu raina ba ya ciki, wallahi ni zan raka ka a canza, ba zan ce maka uffan ba. Amma ba a tsakiyar wata na biyu ba, da gajiya da rashin barci da takardar tes ɗaya a hannu.

Ummanka ta ce in gaya maka ka riƙa kwanciya da wuri, kuma ta ce kiran da kake mata sau ɗaya a sati bai ishe ta ba. Ƙaramar ƙanwarka ta ɗauko tsohuwar jitarka tana ta fama, ta tsinka ɗaya saura uku, na ce zan faɗa maka don kar ka dawo ka ga kamar ni ne.

Gobe ka je ka sami malaminka kan maganar wuyan hannun nan kafin komai, ka turo min abin da ya ce. Kuma ka ɗauko min atisayen tsirkiya ɗayan nan a waya ka turo, yadda yake ɗin nan ba gyara, ina so in ji. Da kunnen dama zan saurara.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare min kai.

Babanka